Na koyi busa algaitar Sikotilan, mahaifina ya ce na zama maroƙi

Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Zariya ne, shekaruna 36, ina aikin jinya a wani asibiti kusa da birnin Gilasgo a ƙasar Sikotilan. Na zo a shekarar 2021, matata da 'ya'yanmu biyu suka biyo ni bayan shekara guda. Hunturun farko ya same ni cikin kaɗaicin da ban taɓa sani ba, har wani abokin aikina ya ja ni zuwa ƙungiyar busa da kiɗa ta garin da nake zaune, irin wadda mutanen gari ke kafawa da kansu, inda ake koyar da algaitarsu ta gargajiya mai jaka kyauta a zauren taron unguwa. Na daɗe a kan sarewar koyo, yanzu kuma ina busa babbar da aka ara mini. A nan na samu abokai na farko a ƙasar nan, kuma shugaban masu busa ya ce na isa shiga gasa a bana, da sharaɗin in sayi tawa algaitar, in riƙa zuwa atisaye dare biyu a mako, in kuma ba da Asabar masu yawa daga Mayu zuwa Agusta.

A bikin gari na bara na yi fareti sanye da kayan ƙungiya, wani ya ɗauki bidiyo, bidiyon ya faɗa zauren WhatsApp na danginmu. Mahaifina malami ne, ɗan gidan malamai. Ya aiko mini da saƙon murya yana cewa: “Ashe Turai ka je ka zama maroƙi, har da ɗaura siket?” Tun daga ranar, idan na kira shi gaisuwa kawai muke yi ya ajiye waya. Matata ba ta ce in bari ba, sai dai duk daren atisaye nakan dawo in tarar ta yi shiru, kuma sau ɗaya ta ce mini: “Kai dai ka samu mutanenka.” Ina son busar nan, amma ba na son fushin mahaifina. In bari ne, ko in ci gaba?

Mai busa, daga yammacin Sikotilan

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ina so ka fara sanin cewa ban ga wauta a cikin abin da ka yi ba. Wanda bai taɓa yin hunturu a arewacin Turai ba, da wuya ya gane yadda yake cin rai. A watan Disamba rana kan faɗi a Gilasgo tun ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba, ma'aikacin jinya mai aikin awa goma sha biyu ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, babu majalisar ƙofar gida, babu teburin mai shayi, babu wanda zai tsayar da shi a hanya ya tambaye shi gajiya. Mutumin da ya samu zaure mai ɗumi inda ake kiransa da sunansa, ake lura idan bai zo ba, ya samu abu mai daraja. Kuma abin da ka koya ba na wasa ba ne. Algaitar nan muryoyi tara kawai gare ta, sautinta ba ya yankewa, saboda haka duk adon waƙar a yatsu yake, shi ya sa ake shafe watanni a kan sarewar koyo kafin a bar mutum ya rungumi jakar, sannan ya koyi hurawa da matsawa da hannu a lokaci guda ba tare da ƙugin bututan nan uku da ke jikin jakar ya yi rawa ba. Magidanci mai aikin dare da ya kai matakin da ake gayyatarsa gasa ya yi haƙuri ƙwarai.

Bari mu fara da mahaifinka, tunda shi ne ya hana ka barci. Kalmar da ta fi nauyi a saƙonsa ita ce “maroƙi”, kuma ka yi masa adalci: bai yi kuskuren gane kayan busar ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Zazzau ya ga mai algaita a bayan dokin hakimi, kumatunsa sun kumbura kamar za su fashe, yana shaƙar iska ta hanci yayin da kumatun ke tura wadda ya tara, sautin na tafiya ba tsayawa har a wuce ƙofar fada. Aikin da kumatun nan ke yi shi ne mutanen Sikotilan suka mayar cikin jaka a ƙarƙashin hammata, kuma harshen karan da ke ba da sautin mai ɓari biyu ne a nan da can. Da mahaifinka ya ji sautin a waya, abin da ya sani tun yana yaro ne ya faɗo masa: mai busa yana bin mai mulki ko mai kuɗi, yana kambama shi, a jefa masa riga ko a yi masa liƙi. Sana'a ce ta gado mai gidajenta, kuma gidan malamai, ko daidai ne ko ba daidai ba, ba su saba haɗa zuri'a da ita ba. Dattijon da ya shekara saba'in da wannan fahimtar ba zai sauke ta don an aiko masa da bayani a waya ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne su ma can haka abin ya faro. Shugabannin ƙabilun tsaunukan Sikotilan suna da masu busarsu na gado, kamar gidan MacCrimmon da suka yi ta yi wa shugabannin MacLeod busa a tsibirin Skye, ɗa ya gaji uba. A ƙarni na 19 ne rundunar sojan Birtaniya ta haɗa masu busa da masu ganga suka zama ƙungiyar fareti, daga bariki abin ya wuce ga 'yan sanda, da ma'aikatan haƙar kwal, da makarantu da ƙananan garuruwa, har a shekarar 1930 aka kafa hukumar da ke tsara gasanninsu, mai hedikwata a Gilasgo. A yau wanda ke tsaye kusa da kai a da'irar da masu busa ke yi lokacin wasa yana iya zama direban bas ko malamar makaranta ko likita, babu wanda ake yi wa kirari, kuma yawanci daga aljihunsu suke kashewa. Saboda haka kalmar Hausa da ta fi kusa da abin da kake yi ita ce badujala. Mutumin Zariya ya san badujala, domin barikin horar da kuratan soja a garinsa yake, kuma idan yana kallon faretin sojojin Najeriya a Abuja ta talabijin ya ga masu busa irin wannan algaitar mai jaka a cikinsu. Da wannan kalmar za ka shiga maganar.

Sai dai kada ka ƙawata masa abin fiye da yadda yake, domin akwai gefen da ya yi kama da abin da yake gudu. A titin Buchanan na Gilasgo da kuma babban titin tsohon birnin Edinbara akwai masu busa da ke tsayawa da akwati a buɗe masu wucewa na jefa musu kuɗi, akwai masu karɓar lada a bikin aure da jana'iza, kuma ƙungiyoyin gari da kansu sukan zagaya da bokiti a ranar biki don tara kuɗin mota da kayan sawa. Idan za ka yi wa mahaifinka alkawari, yi masa wanda za ka iya riƙewa: ba za ka tsaya a titi ba, ba za ka karɓi ko sisi don busa ba, ba za ka riƙe bokiti ba. Shugabannin ƙungiya za su fahimci wannan idan ka ce za ka ba da naka gudummawar daga albashinka.

Ina kuma zargin cewa rabin fushin nasa ba a kan busar yake ba. Ka shekara biyu kana abu ba ka gaya masa ba, sai ya tsinci labarin a gaban ƙannensa da surukansa da jikoki, wataƙila har da masu sa alamar dariya a ƙarƙashin bidiyon. Wannan kunyar ita ce za ka fara wankewa. Kada ka kare kanka a zauren dangi, kada ka tura masa dogon rubutu ko hotunan manyan mutane suna busa. Ka roƙi wanda ya sa bidiyon ya cire shi, sannan ka nemi wanda mahaifinka ke jin nauyinsa, baffanka ko amininsa na ƙuruciya ko mahaifiyarka idan tana raye, ka fara yi wa shi bayani dalla-dalla, ya shiga gabanka. Ranar da za ka kira, ka buɗe da ban haƙuri: “Baba, na yi kuskure da na bari ka ji wannan a bakin wasu, ka yafe mini.” Daga nan ka gaya masa gaskiyar da ka gaya mini, wadda na tabbata ba ka taɓa gaya masa ba, wato irin kaɗaicin da ka shiga da yadda waɗannan mutanen suka riƙe ka. Iyaye da yawa a gida sun ɗauka wanda ke Turai ya huta, ba su san yana iya yin mako bai yi hira da kowa ba. Ka ba shi lokaci, kada ka nemi amsa a kiran farko.

Maganar siket ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Tufar maza ce a ƙasarsu, kamar yadda mazan Yaman da Somaliya da Indonesiya ke ɗaura zane har su shiga masallaci da shi, kuma mu ma maƙeranmu da mafarautanmu sun san walki. Tambayar da ta shafe ka a matsayinka na Musulmi ita ce al'aura, domin zanen nan a tsakiyar ƙoƙon gwiwa yake tsayawa, safar kuma a ƙasan gwiwa. Ka nemi mai kula da kayan ƙungiya ya ba ka wanda ya ɗan fi tsawo, ka sa wando mai duhu da ya rufe gwiwa a ciki, ko ka tambaya ko za su yarda ka sa dogon wando mai zanen ƙungiyar, wanda shi ma tsohuwar tufa ce da wasu rundunoninsu suka daɗe suna sawa. Sojojin Oman da na Jodan suna busa wannan algaitar cikin nasu tufafin, kuma na Oman har gasar duniya ta Gilasgo sun sha zuwa, saboda haka ba kai ne Musulmin farko da masu shirya gasa za su gani ba.

Akwai abin da ba ka ambata ba, amma ɗan gidan malamai ba zai rasa jin sa a ransa ba, wato hukuncin busar ita kanta. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma ba zan ɓoye maka cewa mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta a kan kayan busa da na tsirkiya ba, yayin da wasu, irin su Ibn Hazm na Andalus, suka sassauta. Ka je wurin malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka kwatanta masa abin yadda yake, ba ragi ba ƙari: babu waƙar batsa, babu rawa, amma akwai maza da mata a da'ira ɗaya, kuma akwai rumfar giya a filin gasa ko da kai ba ka shiga. Kada ka yi ta zagayen malamai har sai ka samu wanda zai faɗi abin da kake so. Idan bayan ka ji hujjoji zuciyarka ba ta natsu ba, to maganar ta ƙare a nan, ba sai an kai ga mahaifinka ba. Mai yiwuwa ne ma wannan ce ainihin damuwarsa, kalmar “maroƙi” ce kawai ta riga fitowa, don haka ka tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi, ka saurari karatun da zai yi maka har ƙarshe.

Yanzu ka ba ni hankalinka, domin na iso inda na fi damuwa. A wasiƙarka ta asali, kafin in taƙaita ta, mahaifinka ya ci kusan shafi guda, matarka kuma layi biyu, alhali tambayar da ka rufe da ita ma ba ta ambace ta ba. Mahaifinka yana Zariya cikin almajiransa da 'yan'uwansa, fushinsa zai huce ko ya daɗe, amma ba shi kaɗai yake cin tuwon dare ba. Ita kuwa matarka ta baro mahaifiyarta da 'yan'uwanta, ta baro biki da suna da maƙwabciyar da za ta leƙo aron gishiri ta zauna hira, ta zo ta tarar da irin duhun da ya kusa karya ka, kuma ta tarar da shi da yara biyu a hannu. Kai kana da abokan aiki da rana, ga ƙungiya da dare. Da ta ce “kai dai ka samu mutanenka”, sauran maganar da kunya ta hana ta ƙarasawa ita ce ita ba ta samu nata ba, kuma mutum ɗayan da take da shi a ƙasar yana ƙara nisa. Maganin da ka samo wa kaɗaicinka daga lokacinta ake yanko shi.

Ka ɗauki takarda ka lissafa makon da shugaban masu busa ke nema a wurinka. Kwana uku ko huɗu kana asibiti daga safe har dare ko daga dare har safe, dare biyu kana atisaye, sannan ga Asabar. Kai ka san yadda ranar gasa take: mota ta tashi da sassafe, a isa fili a yi ta daidaita sauti a ƙarƙashin bishiya, ƙungiyar ƙaramin aji irin taku ta shiga da'ira ta yi busar da ba ta kai minti biyar ba, sannan a zauna jira har yamma lokacin da dukan ƙungiyoyi za su taru a sanar da sakamako, a dawo gida yara sun yi barci. Kuma waɗannan Asabar ɗin su ne na bazara, lokacin da rana ke kaiwa kusan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, lokacin da makarantun Sikotilan ke hutu daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta. Ranakun da ta yi hunturu guda tana jira ke nan, kai kuma kana shirin ba da su ba tare da an zauna da ita ba.

Idan ka zauna da ita, kada ka tambaye ta ko ta yarda ka ci gaba, domin za ta ce “yadda ka gani”, kai kuma ka ɗauka izini ne. Ka tambaye ta yadda ranakunta ke wucewa, da wa ta yi magana a makon nan ban da yara, me take so ta koya, ina take so ta je, sannan ka yi shiru ka bar ta ta yi magana ko da za ta yi kuka. Shawarar da zan ba ka ita ce duk daren da ka ɗauka don busa, ita ma ta samu nata a makon, ka zauna da yara da kanka, ka yi musu wanka ka ba su abinci ka kwantar da su, ita ta tafi karatun mata a masallaci, ko ajin Turanci da kwalejoji ke yi wa baƙi, ko ziyarar wata 'yar'uwa. Idan jadawalin aikinka ba zai ɗauki dare biyu naka da biyu nata ba, to ka samu amsarka: dare ɗaya ne rabonka. Kuma kai ma'aikacin jinya ne, ka fi ni sanin cewa shirun da ya zo da rashin barci, da rashin cin abinci, da yawan kuka, ya wuce fushi. Idan ka ga waɗannan alamun, ku je wurin likitanku tare, busa ta jira.

Haka ma kuɗin. Sabuwar algaita ta baƙin katakon nan da ake kawowa daga Tanzaniya da Mozambik takan haura fam dubu, ban da harsunan kara da sauran tarkace da kuɗin tafiye-tafiye, kai kuma ga haya, ga abin da kake aikawa gida. A ganina, idan matarka ba ta iya tuƙi ba, kuɗin koyon mota da lasisinta ya riga algaitarka, domin macen da ke iya ɗaukar yaranta ta tafi Gilasgo da kanta ta fita daga rabin kurkukun da take ciki. Idan lokacin sayen ya zo da yardarta, ka nemi ta hannu ta wurin manyan ƙungiyar, waɗanda za su gwada maka ita kafin ka biya, ko ta roba mai sauƙin kuɗi. Ka guji masu arhar da ake tallatawa a intanet, da yawansu ba sa daidaituwa da na kowa, kuma za a ce maka ka ajiye ta tun a atisayen farko.

Shi ma shugaban masu busa, wanda da a gida ne da Sarkin Busa za mu kira shi, yana da haƙƙi a kanka, tunda ya koyar da kai kyauta har ya ara maka kaya. Sharaɗin da ya kafa ba mugunta ba ce. A gasa alƙalai huɗu ne ke zagaya da'irar, biyu na sauraren busa, ɗaya ganguna, ɗaya kuma yadda duka suka haɗu, kuma da ganguna sun yi kiɗan buɗewa sau biyu dole kowa ya tayar da sautinsa a daƙiƙa ɗaya. Mutum guda da ya riga ko ya makara ya zubar da wahalar hunturun mutum goma sha biyar. Abin da ya fi ƙona wa irinsa rai shi ne wanda ya ce zai zo sannan ya riƙa ɓacewa. Saboda haka ka je masa tun yanzu, kafin ya gama lissafin mutanensa, ka ce a bana dare ɗaya za ka iya, da faretin gari, da gasa biyu ko uku da za ku zaɓa tare idan yana ganin hakan zai yiwu, kuma kana roƙon a bar maka algaitar aro shekara guda. Yana iya cewa wanda ba ya zuwa dare biyu ba zai shiga da'irar gasa ba, kuma idan ya faɗi haka ka karɓa da fuska a sake, gaskiyarsa ce. A wannan zaman ka gaya masa sauran iyakokinka gaba ɗaya: za ka janye gefe ka yi azahar da la'asar a fili, ba ka zuwa mashaya bayan atisaye, kuma a faretin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, na Lahadi ta biyu a watan Nuwamba, za ka yi busa har wurin taron amma ba za ka shiga addu'ar coci ba. Kada ka ɗauka baƙo ne kai a wannan faretin, domin dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Boma a ƙarƙashin tutar Birtaniya, da yawa ba su dawo ba. Azumi kuwa ya yi maka sauƙi, tunda a shekarun nan cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa, kafin a buɗe gasanni.

Abu biyu na lafiya, a gurguje. Ƙarar algaitar nan takan wuce ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 ake fara gargaɗin lalacewar ji, don haka ka riƙa toshe kunne a atisaye, kuma kada ka busa babbar a cikin gida kusa da yara da maƙwabta, sarewar koyo ta ishe ka. Sannan ka riƙa buɗe jakar tana bushewa kana tsabtace ta. A shekarar 2016 likitoci a Manchesta sun ba da rahoton wani mai busa ɗan shekara 61 da ya rasu da ciwon huhu, aka gano funfuna ce da ta tsiro cikin damshin jakarsa yake shaƙa.

To idan mahaifinka ya ji komai, ya fahimci badujala ce, ya ji alkawuranka, amma ya ce shi dai bai yarda ba fa? A nan ra'ayina ba zai yi maka daɗi ba. Busa abin sha'awa ce, ba wajibi ba ce, ba kuma da ita kake ciyar da iyali ba, yardar mahaifi kuwa ka san matsayinta. Ni da ni ne, zan ajiye fita fili, in roƙe shi ya bar ni in sake tayar da maganar idan na zo gida muka zauna gwiwa da gwiwa. Abin da ba zan yi ba shi ne in ce masa na bari sannan in ci gaba a ɓoye, domin kowa a bikin gari da waya a hannunsa, kuma bidiyo na biyu zai karya abin da na farko ya tsaga kawai. Ajiye busa kuma ba ya nufin rabuwa da mutanen. Ƙungiya irin taku kullum tana neman mai taimakon gaggawa a ranar fareti, da mai kula da yara masu koyo a mota, da mai tsare hanya, kuma ma'aikacin jinya da ya san kowa da sunansa ba za a ƙi shi ba.

A watan Agusta ake gasar duniya a filin Glasgow Green, inda ake yin ta tun 1986, kuma babban masallacin Gilasgo, wanda aka buɗe a 1984, yana tsallaken kogin Clyde, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Ina so a bana ka je ta a matsayin ɗan kallo, da matarka da yara, da tabarma da fulas ɗin shayi da dambun nama, da abin toshe kunnen yara. Ku tsallaka ku yi azahar a masallaci ku dawo, ka gabatar da ita ga matan 'yan ƙungiyarku da ke zaune a kujerun naɗewa suna jiran mazajensu da 'ya'yansu, ka bar su su yi hirarsu. Kada ka tambaye ta ko ta ji daɗi, za ka gani a fuskarta, kuma idan ta ce hayaniyar ta yi mata yawa ko wurin bai dace da ita ba, ku tashi ku tafi. A watan Satumba, lokacin da ƙungiyoyi ke fara shirin sabuwar shekara, ku yanke shawarar baɗi ku biyu. Idan ka sake rubuto mini a lokacin, ka miƙa mata wayar ita ma ta rubuta nata sakin layin.